Na Koyi Sauka a Hamadar Jidda

Ranar da na gaya wa Gwaggo na shiga makarantar koyon dirowa daga jirgin sama da laima, tana zaune a ɗakinta da ke unguwar Nuzla a Jidda tana yanka kuɓewa. Ba ta ɗago ba.

"Daga tayyara?" ta ce.

"Daga ita, Gwaggo."

"Tana ƙasa ko tana sama?"

"Tana sama."

Ta ajiye wuƙar, ta share hannu da gefen zaninta, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ya binti, 'yata, ubanki mutum ne mai hankali. Uwarki ma haka. Ke a ina kika kwaso wannan?"

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta zo aikin hajji tun ina goye, ta yi aure a nan, ta haihu a nan, ta binne mijinta a nan, har Hausarta ta cakuɗe da Larabcin Hijaz. Ni kuwa daga Zariya na zo Jidda, aikin kwantiragi a wani asibiti, sashen da ake motsa gaɓoɓin waɗanda suka karye ko suka shanye har su koma tafiya. Na haura arba'in. Aurena ya daɗe da mutuwa ba tare da tashin hankali ba, 'yata ɗaya tana jami'a a gida. Ina zaune a gidan ma'aikata a unguwar Aziziyya, duk Juma'a nakan je Nuzla in ci tuwon Gwaggo in sha faɗanta.

Abin ya faro ne da rakiya. Wata abokiyar aikina ta ce in raka ta wani ɗan ƙaramin filin jirgi da ke cikin hamada, arewa da gari, inda ake ɗaure mutum a ƙirjin gwani su diro tare. Da muka isa ta ga jirgin, ta ce ita ta fasa. Ni da na je riƙe mata jaka, ni aka ɗaure. Faɗowar kanta ba ta burge ni ba, iska ce kawai da ƙara, kumatuna suna kaɗawa. Amma da laimar ta buɗe sai komai ya yi tsit. Gwanin ya miƙo mini madaukai biyu ya ce in ja na hagu. Na ja. Sai Bahar Maliya ta taso daga gefe ta wuce ta gabana, duwatsun gabas suka biyo bayanta. Na saki, komai ya tsaya. Tun tasowata a bayan mota nake zama: motar Baba, motar miji, bas ɗin asibiti da ke kwasarmu da safe ya dawo da mu da yamma. Ranar nan na ja abu da hannuna, ya bi inda na ce. Kafin mu koma gari na riga na yanke shawara, kuma ban nemi ta kowa ba.

Malaminmu Balarabe ne ɗan Jidda, gajere, mai furfura a gemu. An ce tsohon soja ne, kowa Kaftin yake ce masa. Yana kirana Duktura, na gaya masa ni ba likita ba ce har na gaji na bari. Ranar farko ya tara mu a ƙarƙashin rumfar kwano, mu kaɗan ne, ni kaɗai ce mace, kuma ni ce babba.

"Faɗowa ba ta buƙatar malami," ya ce. "Ko buhun siminti na jefo daga jirgi zai iso. Sauka zan koya muku."

Ya shimfiɗa laimar a ƙasa muka gani. Ba irin ta ruwan sama ba ce mai zagaye. Doguwa ce mai kusurwa huɗu, kamar katifa, in iska ta cika ta sai ta zama fiffike, tana tafiya gaba tana sauka. Madaukan nan biyu su ne linzaminta. In ka ja ɗaya ta juya, kuma duk juyi sai ta zube ƙasa da sauri, shi ya sa ya hana mu juyi mai ƙarfi kusa da ƙasa, ya maimaita har da dukan tebur. In ka ja biyun tare har ƙugu, ta rage gudu ta ɗauke ka a hankali, wannan shi ne birkin sauka, kuma lokacinsa ɗan ƙanƙani ne: in ƙasa ta rage kamar tsayin mutum biyu. Ya nuna mana dogon ƙyallen nan mai kama da hannun riga da ke rataye a kan sanda, wanda ke nuna inda iska ta dosa. Ya zana mana hanya a kan yashi da tsinke: ka bi iska, ka gitta ta, sannan ka fuskance ta ka sauka. Daga nan ya sa muka yini muna dirowa daga kan benci, ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, mu mirgina ta gefe. Samarin suna dariya. Ni ban yi ba, na san abin da idon sawu yake zama in ya karye.

A sama ban ba kowa kunya ba. Malamai biyu suke fita da ni, ɗaya a kowane gefe, na banƙare yadda aka koya mini, ina duba agogon tsayi da ke hannuna, na buɗe laimata da kaina a kan lokaci. Matsalata ƙasa ce. Akwai ɗan rediyo da ake maƙala wa ɗalibi a ƙirji, Kaftin yana tsaye a filin sauka yana magana a ciki: hagu, dama, saki, jira, jira, ja. In na zo kusa sai in ga ƙasa ta taso mini gaba ɗaya kamar za ta mare ni, hannuwana su yi abin da suka ga dama. Saukar farko da mazaunai na yi ta. Ta biyu na ja gwiwa a cikin tsakuwa. Kowace Juma'a da sassafe nakan tafi filin, in wuce Nuzla da azahar, Gwaggo tana kallon yadda nake zama a kan kujera da dabara, tana tsaki.

Sai ranar da na ji ciwo. Rana ta ɗan ɗaga, iskar safe ta kwanta, ƙyallen yana rataye kamar wanki. In babu iskar da za ta tare ka, laima da gudu take shigowa. Na ga ƙasa tana gudu a ƙarƙashin ƙafata, na ja birki tun ina can sama, tun Kaftin bai ce komai ba. Laimar ta tsaya cak, na rataye a iska, na ga ashe da saura. Na ji muryarsa a ƙirjina, "Riƙe! Riƙe!" Amma na riga na saki. Abin da ya fi hana mu ke nan. Laimar ta zabura gaba ta yi ƙasa da ni. Ban haɗa ƙafa ba, na miƙa ta dama ina neman ƙasa da ita, ta kuwa same ta.

Ban karye ba, jijiyoyin idon sawu ne suka yage. Tun ina kwance a yashin na taɓa wurin na san abin da ya faru, na kuma san makonnin da zan yi ina ɗingishi.

Kowa ya samu abin faɗa. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ba ni kujera da ladabi, ya ce asibiti ya ɗauko ni daga ƙasata don in tsayar da marasa lafiya, ba don su riƙa ba ni hanya a baranda ba. Ya ce in tuna iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun asibiti take, kuma lokacin sabunta kwantiragi yana zuwa. Na ce masa ban yi fashin aiki ko na yini ɗaya ba, kuma abin da nake yi ranar hutuna nawa ne. Na tashi da sandata na fita. Ban koma na ba da haƙuri ba.

A Nuzla kuwa zaman shari'a na tarar. Gwaggo ta tara ƙawayenta, tsofaffin unguwa, kowacce da abayarta da carbinta, an ajiye shayi. Ɗaya ta ce ai wannan jefa kai ne ga halaka. Wata ta ce da ina da miji da ba a kai ga haka ba. Wata kuma ta ce mu baƙi ne a ƙasar nan, baƙo kuwa ba ya son abin da zai sa a nuna shi da yatsa.

Gwaggo ta bari suka gama, sannan ta ce, "Khalas, shi ke nan. Kin gwada, kin gani. Allah ya ja miki kunne da ƙafa ɗaya. Ki bari haka."

"Gwaggo, ba zan bari ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan bari ba. Ba laimar ce ta kayar da ni ba, ni ce ban iya ba. Abin da mutum bai iya ba kuwa koyonsa ake yi."

"Haram alaiki! 'Yarki fa? In kika mutu wa kika bar wa ita?"

"Wanda zan bar wa ita in na mutu a kan gadona."

Gwaggo ta kawar da kai. Na san maganar ta yi kaifi, na kuma ga ta soke ta. Na matsa na riƙe hannunta, ta fizge. Ranar ban ci tuwo ba. Amma Juma'ar da ta biyo baya na dawo, ta zuba mini, ba mu tayar da zancen ba.

Wanda ya fi ba ni haushi Kaftin ne. Tun ƙafar ba ta gama warkewa ba na koma filin, ina zama a ƙarƙashin rumfa ina kallon masu sauka. Ya zo ya zauna kusa da ni da kofin gahawa.

"Duktura, zan gaya miki gaskiya don ina ganin girmanki. Na koyar da mutane da yawa. Akwai wanda idonsa ba ya karanta ƙasa, kuma ba laifinsa ba ne. A shekarunki ƙashi ba ya yafiya. In kina son sama, ki zo duk lokacin da kika ga dama a ɗaure ki da gwani, ki sha kallo."

"A mayar da ni kaya ke nan."

"Ban ce haka ba."

"Kaftin, ka ɗauki saukata a waya, na gan ka. Nuna mini."

Ya nuna mini. Na sa ya maimaita, ya sake maimaitawa, a hankali. Aikina ke nan shekara da shekaru, kallon yadda jiki yake motsi, sai dai ban taɓa kallon nawa ba. Ga ni nan haɓata manne da ƙirji, ina leƙen tsakanin ƙafafuna. Ga hannuwana, in na ja birki ba sa kaiwa ƙugu, a ƙirji suke tsayawa, kuma na hagu yana bin bayan na dama, shi ya sa laimar take karkata. Ga kaina kuma a ɗan karkace wajen rediyon, ina jiran a gaya mini.

"Ka gani?" na ce. "Ba idona ba ne. Ina duban inda bai kamata ba, kafaɗuna ba su da ƙarfi, kuma kunnena yana wurinka."

"Tun ranar farko nake ce muku ku dubi gaba."

"Ka faɗa, ban ji ba. Yanzu na gani. Ka ba ni lokaci in gyara. In na dawo, ka bar rediyon a ƙirjina, amma ka yi shiru. Kada ka yi magana sai ka ga zan kashe kaina."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. "Ke kina da taurin kai."

"An sha gaya mini."

"Tayyib, na ji. Amma in na ce ba ki tashi yau, ba ki tashi."

"Na yarda."

Na mayar da kaina majinyaciya. Robar nan da muke ba masu ciwon kafaɗa su ja, na ɗaura biyu a saman ƙofar ɗakina, kullum kafin bas ya zo sai na ja su daga sama har ƙugu, a tare, ina kallon madubi don kada hagu ta makara. Na riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya ina goge baki. In zan sauko daga bene a asibiti sai in ƙi duban matakala, in kafa ido a can gaba, in bar gefen idona ya gaya mini saura nawa. Masu shara sun ɗauka wuyana ne ya sanƙare. A filin kuwa, ranakun da ban tashi ba, nakan tsaya a gefen wurin sauka in ɗaga hannuwana, in ja birki tare da duk wanda ke shigowa. Da farko ina riga su, daga baya muka fara daidaita. Benci ma na koma masa, na yi ta dirowa ina mirginawa har yashi ya shiga kunnena.

Da sanyin Jidda ya shigo, ɗan sanyin nan da ba ya wuce a kashe na'urar sanyaya ɗaki, Kaftin ya ce in shirya. Na ɗaure ɗankwalina tam a ƙarƙashin hular kwano, na yi addu'ar da nake yi kullum a bakin ƙofar jirgi. Da laimar ta buɗe, tun ina can sama na yi ta gwada birki, ina jin inda take rage gudu, da inda take fara rawa in na riƙe da yawa. Na bi iska, na gitta, na fuskance ta. Rediyo shiru. Na ɗaga haɓa na dubi gaba, sai na ga ƙasa ba tasowa take ba, shimfiɗuwa take yi a hankali. Na jira. Jikina duka yana cewa ja, na ƙi. Sannan na ja, har ƙugu. Ƙafafuna suka taɓa, na yi taku kaɗan na durƙusa a gwiwa ɗaya. Ba kyakkyawar sauka ba ce, amma tawa ce. Kaftin bai yaba ba, ya ce hannun hagu har yanzu yana ɗan makara.

Na yi wasu saukar bayan wannan, wata a tsaye, wata a mirgine. Wadda ta fi zauna mini a rai ba a filin ma na yi ta ba.

Ranar ni ce ta ƙarshen fita daga jirgi, mun ɗan yi nisa da filin. Da na buɗe laimar sai na ji kaina ya ƙi ɗaguwa, igiyoyin sun murɗe a bayan wuyana kamar an tufka su. An koya mana wannan. Na duba sama, laimar a buɗe take sosai, na duba agogo, da sauran tsayi. Na kama igiyoyin na ware su da ƙarfi ina harba ƙafa kamar mai tuƙa keke, na yi ta juyawa har suka warware. Amma duk wannan lokacin laimar tana tafiya inda ta ga dama, kuma bayan iska ta bi. Da na kama linzami na waiwaya, filin ya koma can, rumfar kwanon ta zama kamar akwatin ashana. Iskar teku kuma ta taso da wuri, tana tura ni baya. Rediyon ya yi ƙara, na ji rabin kalma, ya ɗauke.

Na fuskanci filin na kafa masa ido yadda aka koya mana: in wuri yana yin ƙasa a idonka za ka kai, in yana yin sama ba za ka kai ba. Yana yin sama. Tsakanina da shi akwai titi, da turakun wutar lantarki a gefensa, da shingen waya. Zuciyata ta ce in matsa, wataƙila in tsallake da ƙyar. Na san dalilin da ya sa take faɗin haka. Ba na son a ce ga shi nan, an gaya mata. Na hango fuskar shugaban sashenmu, na ji tsakin Gwaggo. Sai na ji haushi ya taso mini, na ce a raina, wato saboda bakin mutane zan je in rataye a wayar wuta? Su faɗi abin da za su faɗa.

Tun da sauran tsayi na juya na zaɓi wani fili a gefen dama, shimfiɗaɗɗe, babu turaku, babu gini. Na tsara hanyata a kansa kamar yadda Kaftin ya zana a yashi. Babu ƙyallen iska a nan, sai na lura da wani hayaƙi siriri da ke tashi daga wata bukka, na gane inda iskar ta dosa. Na shigo daidai. Sai da na yi ƙasa sosai na ga abin da ban gani ba daga sama: raƙuma ne kwance, kalarsu ɗaya da yashi, kuma kansu na nufa. Hannuna na dama ya so ya fizgi linzami. Na hana shi. Na ja biyun zuwa rabi, na ɗan sassauta ɗaya kaɗan, laimar ta karkata a hankali ba tare da ta zube ba, har raƙuman suka koma gefena. Yanzu iska ta gefe take bugu na, ba ta gaba ba. Na daidaita laimar a saman kaina, na haɗa ƙafa, na dubi gaba, na ja har ƙugu. Na taɓa ƙasa da ɗan gudu, na mirgina ta gefe, na tashi. Iska ta cika laimar tana neman ja na, na saki linzami ɗaya na yi ta jan ɗayan har ta kwanta.

Na tsaya ina taɓa jikina gaɓa bayan gaɓa. Babu abin da ya same ni. Raƙuman sun miƙe suna gurnani. Sai na ji murya a bayana.

"Innalillahi! Mutum ko aljan?"

Da Hausa. Na juya. Wani dattijo ne dogo, da rawani da sanda, ya tsaya daga nesa, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya shirya gudu. Na cire hular kwano da tabarau.

"Mutum ce, Baba. Sannu da aiki."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. "Ke! Bahausa ce? Kuma mace? Daga ina kika hito?"

Na nuna sama.

"Na gani da idona. Ina nuhin wane gari?"

"Zariya."

"Zariya," ya maimaita, yana girgiza kai. Ya ce shi mutumin Tawa ne, ta Nijar, ya daɗe yana yi wa wani Balarabe kiwo a nan. Kullum yana ganin abubuwan nan masu launi suna saukowa can nesa, ya ɗauka sojoji ne, ko Turawa. "Soja ce ke?"

"A'a, Baba. A asibiti nake aiki."

"To mi ya yi zahi? Wa ya tilasta miki?"

"Babu kowa. Ni nake so."

Ya dube ni, ya dubi laimar da ke kwance, ya sake dubana. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum ya dafa gwiwa. Ni ma ta kama ni, muka yi ta yi har hawaye. Ya shiga bukkarsa ya kawo mini nonon raƙumi a kwano, da ɗuminsa. Ina sha ina naɗe igiyoyi, shi kuma yana riƙe mini gefen laimar da yatsa biyu, yana shafa ƙyallen yana cewa, "Wanga abu marar nauyi shi ya ɗauko ki?"

Muna nan motar filin ta iso tana tayar da yashi. Kaftin ya diro tun ba ta gama tsayawa ba. Ya zagaya ni yana duba ƙafafuna, sannan ya dubi titin da turakun, ya dubi raƙuman, ya bi sawun da na bari a yashi da ido.

"Yaushe kika san ba za ki kai ba?"

Na gaya masa.

"Kin ɗan makara. Da kin yanke tun kafin nan, da kin sami lokacin ganin dabbobin."

"Na sani."

"Juyin da kika yi a ƙasa, da rabin birki kika yi shi?"

"Da shi."

Ya miƙo hannu ya zare rediyon daga ƙirjina ya jefa a kujerar mota. "Yalla, mu tafi, Duktura. Iska ta yi yawa yau, ba wanda zai ƙara tashi. Juma'a mai zuwa ki zo da wuri."

Ban gaya wa Gwaggo ba, amma labari ya riga ni. Dattijon yana da ɗan'uwa mai sayar da turare a unguwar Ammariyya, shi kuma matarsa tana zuwa Nuzla. Kafin mako ya zagayo an ce wata Bahausa ta faɗo daga sama a kan raƙumi, wasu suka ce sojar gwamnati ce, wasu suka ce da tsohon ciki. Da na shiga ɗakin ranar Juma'a na tarar da ƙawayen nata, ɗaya tana tsakiyar ba da labarin, har ta kai inda raƙumin ya mutu.

"Ƙarya ne," in ji Gwaggo. "Babu raƙumin da ya mutu. Kuma ba soja ba ce, 'yar wana ce, ga ta nan ta shigo. Ku dube ta, ko ƙwarzane babu."

Suka juyo suna kallona. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya na zauna. Da suka watse na ce, "Gwaggo, ashe kin sauko."

"Ban sauko ba. Hauka ne, kuma har in mutu hauka zan ce masa. Amma ba a gabana za a yi wa jinina ƙarya ba." Ta turo mini kwano. "Wani satin ma za ki?"

"Zan je, in Allah ya kai mu."

"To ki ci da yawa. Kin rame."

An sabunta mini kwantiragi a wannan shekarar, shugaban sashen bai ƙara tayar da maganar ba. Har yanzu ni ba gwana ba ce. Laimata babba ce mai tafiya a hankali, samarin da muka fara tare sun koma tashi da ƙananan laimomi masu gudu, suna tsokanata wai ina tuƙa motar ɗaukar yashi. Na ce su je, ba tsere na zo ba. Akwai ranakun da nake zuwa tun asuba, in shirya tsaf, in tsaya in kalli ƙyallen iska yana fizga hagu da dama, in cire kayana in zauna a rumfa. Ba wanda ya hana ni, ni na ga bai yi mini ba. 'Yata ta kira ni kwanan baya ta ce in ta zo hutu tana so ta ga filin. Na ce ta gama jarrabawa tukuna, sannan mu yi magana.